Agogon masu nutso ko kuronogiraf mai kamar na da: kuɗin guda ɗaya gare ni

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema kafin in yi sayayyar da zan zo ina cizon yatsa. Na ɗan tara abin da bai wuce dala 250 zuwa 300 ba in an canza, ina son agogo ɗaya na kirki da zan daɗe ina ɗaurawa. Guda biyu ne suka tsaya min a rai. Na farko Orient Kamasu, irin na masu nutso a teku, mai zoben nan da ke juyawa a gefen gilashi. Na biyu Seagull 1963, kuronogiraf ne, wato agogo mai maɓallan auna tsawon lokacin da abu ya ɗauka, ɗan China mai fuska ruwan madara da jan tauraro, wanda ake wanawa da hannu. In don ido ne, na biyun ya fi kwanta min. Ni malamin sakandare ne a Zariya, kullum ina kan babur, ban taɓa nutso ba kuma ba ni da niyyar farawa. Kuɗin ba zai sayi biyu ba. Wanne zan ɗauka?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam Malam. Ai ka riga ka ba kanka amsa. Mutumin da ko tafki ba ya shiga, me zai yi da agogon mita 200? Ɗauki 1963 ka huta. Agogo ne mai asali. Masana'antar agogo ta Tianjin ce ta ƙera shi don matuƙan jiragen yaƙin China, aikin da suka sa wa lamba 304. Injin cikinsa kuwa ɗan Suwizalan ne tun tushe, Venus 175, kamfanin Venus ya sayar musu da na'urorin ƙera shi, su kuma suka ci gaba da shi har ya zama ST19 na yau. Ka juya bayansa ka ga ƙarafan suna aiki ta gilashi, ka danna maɓalli ka ga yadda suke kama juna. A wannan kuɗin babu inda za ka samu irin wannan.

Injiniya Fatakwal: Malam Abban Sadiq, tambaya ɗaya kafin a yi nisa. In za ka yi alwala, kana cire agogo ko da shi kake yi?

Abban Sadiq: Yawanci sai dai in ɗan tura shi sama in wanke hannu in mayar. A masallacin makaranta ba na son ajiye abu a gefen famfo, mantuwa gare ni.

Injiniya Fatakwal: To a nan maganar take. Mutane suna ganin an rubuta mita 30 a bayan agogo sai su ɗauka za a iya nutsa shi zurfin mita 30. Ba haka ba ne. Wannan lamba matsin da aka gwada shi da shi ne a ɗakin gwaji, yana sabo, ruwa a tsaye, robobinsa masu tare ruwa ba su tsufa ba. A aikace mita 30 fantsalin ruwa ne kawai da ɗan yayyafi. Mita 100 za ka iya iyo da shi. Mita 200 wanda kunnensa, wato ɗan abin saita lokaci na gefe, ake ɗaurewa kamar noti, shi ne wanda ba ruwanka da tunanin ruwa kwata-kwata. Shi 1963 yawancinsu mita 30 ne, kuma bayan kunnen saiti yana da ƙarin ƙofa biyu, wato maɓallan nan na sama da ƙasa. Kowace ƙofa hanyar ruwa ce, hanyar ƙura ce. Kai kuma hannunka na shiga ruwa sau biyar a rana, ga damina a kan babur. Ba sai ka je teku ba, Malam, butar alwala ma ta ishe shi.

Ɗan Damagaram: Haba Injiniya, iyayenmu da suka ɗaura agogon da ake wanawa shekara da shekaru ba su yin alwala ne? Cirewa suke yi su sa a aljihu. Cire agogo aikin sakan nawa ne?

Injiniya Fatakwal: Shi ne ya ce ba ya cirewa. Da halin mai agogon ake zaɓa, ba da halin iyayenmu ba.

Baba Mai Gyara: Salamu alaikum. Jikana ne ya nuna min wannan magana, na ce bari in sa baki tunda sana'ata ce, tun ina saurayi nake kan teburin gyara a Kano. Malam, ni ba zan yi maka maganar kyau ba, kyau na mai ido ne. Maganar ranar da agogon zai tsaya zan yi maka, don kowane agogo yana da wannan rana.

Injin Seiko da na Orient masu aiki da motsin hannu, mun san cikinsu tun zamanin da alhazai ke dawowa da Seiko 5 mai ranakun Larabci daga Makka. Kamar babur ɗin haya suke, kowane bakanike ya taɓa buɗe irinsa. In ya tsaya zan wanke shi, in sa masa mai, in daidaita gudunsa. In wani ƙarfe ya mutu, akwai matattun agogai cike da gwangwani da za a ciro. Na Seiko na yanzu da ake kira NH35 ma, in ya lalace gaba ɗaya cire injin ake yi a sa sabo, don kuɗinsa bai kai wahalar gyaran ba.

Kuronogiraf da ake wanawa kuwa wata duniya ce. A kan injin da ke nuna lokaci an ɗora wani tsarin daban, da ƙananan lebobi da sifirin sirara kamar gashi, kowanne da inda zai zauna. Mai gyaran da bai saba ba in ya kwance shi, mayarwa sai ikon Allah. Kuma ba laifinsa ba ne, ba a kawo mana su da yawa balle hannu ya saba. Kayan gyaransa babu a kasuwa, sai an yi oda an jira. Sau da yawa kuɗin sabis ɗinsa a wurin wanda ya iya zai kusa kuɗin sayen sabo. Ka tambayi kanka, a Zariya wa zai buɗe maka shi?

Abban Sadiq: Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi wannan ɓangaren ko kaɗan bai zo min a rai ba.

Maman Ilham: Ni dai bari in faɗi nawa a matsayin ma'aikaciyar jinya. Kuronogiraf ba ado ne kawai ba. Akwai masu ma'aunin bugun jini a gefen fuska, irin na likitocin da. Ka danna, ka ƙirga bugu 30, ka tsayar, tsinken ya nuna maka bugun mutum a minti ɗaya ba sai ka yi lissafi ba. Ina da mai batir irin wannan kuma ina jin daɗinsa. Amma Malam, kai jarrabawa kake tsarewa ko? Ɗan ƙaramin da'irar da ke ƙirga minti a 1963 minti 30 kawai take kaiwa ta sake zagayowa. Takardar awa biyu sai ka riƙa tuna zagaye nawa ta yi. Zoben agogon nutso kuwa minti 60 ne, ka juya alamar ta daidaita da dogon tsinke, shi ke nan, da kallo ɗaya ka san minti nawa suka wuce. Ni a kicin ma da na maigidan nake auna tukunya.

Ɗan Damagaram: Hajiya, zobe ba ya auna sakan. Mu masu zuwa sukuwa mun san bambancin. Doki biyu su yi zagaye, tsakaninsu sakan biyu ko uku, da zobe za ki gane? Tun da daɗewa ma an yi shi don dawaki. A 1821 wani Bafaranshe, Nicolas Rieussec, ya ƙera na'urar auna gudun dawaki a filin sukuwa na Paris, tana ɗiga tawada a kan fuska duk sanda doki ya ƙetare layi. Kafin shi Louis Moinet ya yi nasa a 1816 don duban taurari. Abu ne mai tarihin shekara 200, ba abin wasan yara ba.

Maman Ilham: To Alhaji, Malam dai bai ce yana da doki ba, babur ya ce.

Ɗan Damagaram: Babur ɗin ma ana aunawa! Masu lambobi a gefe, ka danna a alamar kilomita ɗaya ka tsayar a ta gaba. In sakan 45 ka yi, gudun 80 kake. In 36 ne, 100 kake. Raba 3600 da sakan ɗin kawai aka yi aka rubuta a zagaye.

Injiniya Fatakwal: Mai danna maɓallin agogo yana gudun 100 a babur a hanyar Zariya zuwa Kano, Allah ya kiyaye, ba agogo yake buƙata ba. Kuma 1963 na asali ma ba shi da waɗannan lambobin gudun a fuskarsa.

Na Bakin Maliya: Gaisuwa daga Fot Sudan. Ni a garin da ake nutso na gaske nake, don haka bari in rage wa ɓangaren Injiniya ƙarfi kaɗan, kada a ce son kai. Masu nutso na yau ba da agogon zobe suke dogaro ba. Kwamfutar hannu suke ɗaurawa, ita ke faɗa musu zurfi da lokacin da ya rage da inda za su dakata kafin su fito. Agogon ya zama na ko-ta-kwana, wasu ma ba sa sa shi. Saboda haka duk wanda ya ce wa Malam "ai kai ba mai nutso ba ne", to mu ma nan yawancin masu ɗaura shi a kan tudu suke.

Amma dalilin da ya sa aka yi shi haka yana nan, kuma shi ne amfaninsa gare ku. A 1953 Blancpain suka fito da Fifty Fathoms don masu nutson sojan ruwan Faransa, Rolex ma a wannan lokacin suka yi Submariner, Seiko suka biyo da nasu na farko a 1965. A lokacin ran mutum a kan agogon yake. Shi ya sa zoben ɓangare ɗaya kawai yake juyawa, hagu. In ka buge shi da dutse ya goce, zai nuna maka ka daɗe a ruwa fiye da yadda ka yi, ka fito da wuri, ba zai taɓa ruɗinka ka ɗauka da sauran iska alhali ta ƙare ba. Nan kusa da mu a Sha'ab Rumi, a 1963, mai binciken teku Jacques Cousteau ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa mutanensa suka zauna wata guda a zurfin mita 10, har yau ragowar ginin na nan masu nutso na zuwa gani. Shekarar da Alhaji na Damagaram ke alfahari da ita, mu ma muna da rabo a cikinta.

Abin da aka gina don gishirin teku da duhu da buguwa da dutse, ƙurar hunturu da gumi ba za su dame shi ba. In ƙura ta shiga ƙarƙashin zoben ya fara tauri, ka ɗaure kunnen ka tara shi a famfo kana juyawa, ya koma daidai. Gwada wannan da kuronogiraf da ake wanawa ka gani.

Ɗan Kwari: Ni ɗan kasuwa ne, lissafi na sani. Me ya sa sai ɗaya? Casio Duro mai hoton kifi, MDV-106, mita 200 ne, kunnensa na ɗaurewa, mai batir, kuɗinsa bai fi dala 50 zuwa 70 ba. Bill Gates ma an sha ganinsa da shi a hannu. Ka saye shi don makaranta da babur da alwala. Ragowar kuɗin ka sayi 1963 ɗinka don Juma'a da ɗaurin aure. Kowa ya samu, an rufe taro.

Abban Sadiq: Na duba Duro ɗin, Alhaji. Faɗinsa milimita 44, ni kuma hannuna siriri ne, kamar na ɗaura agogon bango zai zama. Sannan gaskiya ina son mai inji, ba mai batir ba. Akwai wani abu a ganin tsinken sakan yana tafiya sumul ba ya tsalle.

Ɗan Kwari: Wannan "akwai wani abu" ɗin ita ke cinye kuɗin mutane. Mai batir zai yi kuskuren sakan 20 a wata, naka mai inji zai iya yin hakan a rana ɗaya. Amma kuɗinka ne.

Baba Mai Gyara: Gaskiya ya faɗa a kan gudu. NH35 a takardarsa an yarda ya yi jinkirin sakan 20 ko ya yi gaban sakan 40 a rana, duk ba a kira shi lalatacce ba. Yawancinsu sun fi haka kyau, kuma ana iya daidaitawa. Abin da ke sa agogon inji ya haukace da gudu a zamanin nan maganaɗisu ne. Mutum ya kwana ya ɗora shi kan waya ko sifika, zaren cikinsa ya manne da juna, da safe ya ga ya yi gaba da minti biyar ya ce an cuce shi. Cire maganaɗisun aikin minti ɗaya ne in akwai na'urar.

Ɗan Kwari, shawararka ta biyu da biyu tana da kyau a baki, amma ka lura, ragowar kuɗin da zai rage masa 1963 mafi araha zai saya. Kuma ba kamfani ɗaya ke haɗa su ba. Injin ɗaya ne, masu sa shi a gida suna da yawa, wani ya duba ya sa mai ya daidaita kafin ya sayar, wani yadda ya zo haka zai rufe ya tura. Araha ba ta ado. In ya iso da matsala, mayar da shi China daga Zariya wani aiki ne.

Auta Zazzau: Baba ina wuni, yayyena ina wuninku. Ni ƙarami ne a harkar amma ba wanda ya ambaci hanyar tsakiya. Akwai kuronogiraf masu kamar na da da ke ɗauke da injin Seiko VK64 ko VK63. Lokacin da batir yake tafiya, amma ɓangaren awon na ƙarfe ne, in ka danna za ka ji ƙas a yatsa, tsinken yana tafiya sau biyar a sakan, in ka mayar ya koma sifili farat ɗaya kamar na inji. Kamfanin Dan Henry suna amfani da shi, Furlan Marri ma da shi suka fara har suka ci kyauta a gasar agogo ta Geneva a 2021. Yana ƙirga minti 60 ba 30 ba, ba ya son sabis, kuma wasu ana yin su da mita 50 ko 100. Malam zai samu kyan da yake so ba tare da ciwon kan da Baba ya faɗa ba.

Ɗan Damagaram: Auta, wannan ai rigar da ce a jikin ɗan zamani. Ka juya bayansa ba abin gani sai murfi. Duk daɗin 1963 shi ne da safe ka zauna ka wana shi, ka ji sifirin na cika a yatsanka.

Auta Zazzau: Haka ne Yaya, amma kamfanin Baltic ma da suke Faransa, kuronogiraf ɗinsu Bicompax injin Seagull ɗin nan ne a ciki kuma kuɗinsa ya ninka. Ina nufin ba kowa ke sayen injin ba, fuskar ake saya.

Baba Mai Gyara: Yaron nan ya yi karatu. Abu ɗaya zan ƙara. Batirin VK ɗin nan SR936SW ne, ba shi ne wanda ke kowane teburi ba. Na Duro SR626SW, ko a tasha za ka samu. Kuma duk agogon da aka buɗe bayansa don canza batir, in mai canzawar bai duba robar ya shafa mata mai ba, ko ya cije ta da murfi, to mitocin da aka rubuta sun tafi. Na ga agogai da yawa da ruwa bai taɓa shiga ba sai bayan canjin batir na farko.

Injiniya Fatakwal: Wannan ne ya sa ni Citizen Promaster nake ba mutane shawara, mai cajin haske da suke kira Eco-Drive. Ba a buɗe shi balle a ɓata robar, in ya cika caji yana wata 6 a duhu bai tsaya ba, rana kuwa a Arewa ba a sayenta. Kuma shi a fuskarsa "Diver's 200m" aka rubuta. Wannan rubutun ba ado ba ne, alama ce cewa ya cika ƙa'idar duniya ta agogon nutso, ISO 6425: a gwada shi da matsin da ya ɗara abin da aka rubuta da kashi 25 cikin 100, a iya karanta shi a duhu daga nisan santimita 25, ya jure ruwan gishiri da buguwa da maganaɗisu. Kamasu da Duro mita 200 ne su ma, amma ba su ɗauke da wannan kalma. Ga mai alwala ba wani bambanci, na faɗa ne don a sani.

Sai a yi hattara da wani abu. Seiko 5 Sports da suka fito a 2019 kamarsu ɗaya da tsohon SKX007 da aka daina yi, amma mita 100 ne kuma kunnensu ba ya ɗaurewa. Shi kuma SKX ɗin, tun da aka daina shi jabu da haɗe-haɗe suka cika intanet. Duk wanda ya ce zai ba ka sabo dal da araha, ka riƙe kuɗinka.

Maman Ilham: Ba wanda ya yi maganar maɗauri. Agogon da irin na da fata ake sa musu ko zare. Fata a zafin Afrilu, ga gumi ga ruwan alwala, wata nawa za ta yi kafin ta fara wari ta tsage? Zaren nan na NATO da sojan Ingila suka fito da shi a 1973 ya fi ƙarko, amma in ya jiƙe sai ya daɗe da danshi a hannu. Ƙarfe ko roba su ne na ƙasarmu, ka share da gefen riga ka wuce.

Ɗan Damagaram: To ku faɗa min, wa ya taɓa ganin agogon nutso ya yi kyau da babbar riga? Ƙaton ƙarfe mai baƙin zobe a ƙarƙashin hannun shadda mai links, ko shiga ba ya yi. 1963 milimita 38 ne, ya kwanta luf, ruwan madara da tsinke shuɗi, ya dace da kowace shadda.

Injiniya Fatakwal: A faɗi ka yi gaskiya, 38 da kusan 42 ba ɗaya ba ne. A kauri kuwa ba ka tsira ba. Gilashin 1963 mai tudu ne, in ka haɗa duka kaurinsa ya kusa ɗaya da na Kamasu, wajen milimita 13. Kuma in na roba ka ɗauka, irin na asali, goga ɗaya da ƙofar aji ya yi zane. Ana goge shi ya fita, amma aiki ne. Kamasu gilashin safaya gare shi, makulli ma ba ya zana shi.

Ɗan Damagaram: Gilashin roba ne ya je wata, Injiniya. Omega Speedmaster da aka sauka da shi a 1969 kuronogiraf ne da ake wanawa, gilashinsa roba, don in ya bugu tsagewa yake yi ba ya tarwatsewa. A 1970 da kumbon Apollo 13 ya lalace, da shi suka auna sakan 14 na kunna inji suka dawo gida. A 1973 ɗan sama jannati William Pogue ya tafi tashar sararin samaniya ta Skylab da Seiko 6139, shi ma kuronogiraf. Ku kuna ƙasan ruwa, mu muna sama.

Na Bakin Maliya: A wata ba a ruwan sama, Alhaji, kuma ba a alwala da buta.

Ɗan Kwari: Wallahi ya gama da kai.

Ɗan Damagaram: Ku yi dariyarku. Ni dai na san abin da zai faru. Malam zai sayi na nutso don hankali ya ce haka, kullum ya duba hannu ya tuna da wanda ransa ke so. Bayan shekara ya sake tara kuɗi ya sayi 1963 ɗin. Da ya fara da shi, da ya koyi cire agogo a wajen alwala ya huta da saye biyu. Ni nawa yana hannuna, ina cirewa, ina wanawa, ban taɓa kai shi wurin kowa ba.

Baba Mai Gyara: Alhaji, kai kana da wani agogon da kake sawa ranar da za ka gona ko ranar hadari?

Ɗan Damagaram: Akwai wani tsohon Casio, Baba.

Baba Mai Gyara: To shi ne ke tsare maka wancan. Malam guda ɗaya zai saya. Ni ban ce 1963 ba shi da kyau ba, na taɓa buɗe irinsa na yi mamakin aikin da ke ciki a wannan kuɗi. Agogo na biyu ne. Wanda zai sha rana da ƙura da alli da girgizar babur kullum, a ba shi mai ƙofa ɗaya wadda ake kullewa.

Abban Sadiq: Na gode ƙwarai jama'a, kowa ya ba ni abin da ban zo da shi ba. Alhaji na Damagaram, maganarka ta taɓa ni, don gaskiya ce ran nawa yana can. Amma na san kaina, ba zan riƙa cirewa ba, kuma ba ni da wanda zai gyara min. Kamasu zan ɗauka, mai jar fuska ko kore, a kan ƙarfe. Citizen ɗin Injiniya ya fi hankali amma ina son mai inji. Baba, in ya iso me zan kiyaye?

Baba Mai Gyara: Allah ya sa albarka. Ka saya wurin wanda zai ba ka takardar garanti da hatimi, ka duba lambar da ke bayan agogon ta yi daidai da ta takarda. In ya zo, ka kwance kunnen ka wana shi kamar sau 30 kafin ka ɗaura, injinsa F6922 yana karɓar wani da hannu, kuma in ka ja kunnen har ƙarshe tsinken sakan zai tsaya ka saita shi daidai da rediyo. In ka ajiye shi zai yi kamar awa 40 kafin ya tsaya, don haka in ka cire ranar Juma'a da dare, kada ka tsorata in ka same shi a tsaye ranar Litinin.

Wajen mayar da kunnen, ka danna a hankali ka ɗan juya baya sai ka ji zaren ya faɗa wurinsa, sannan ka ɗaure. Kada ka tilasta, kada ka matse da ƙarfi, in zaren ya cinye to kariyar ruwan ta tafi kuma gyaran ba ƙarami ba ne. Kada ka canza rana ko kwanan wata lokacin da agogon ke nuna dare zuwa asuba, a lokacin haƙoran canjin suna kame da juna, sai ka fara kai tsinken wajen ƙarfe 6 tukuna. Ruwan zafi na wanka da sabulu suna tsofar da roba, wannan kam ka cire. Rage sarƙar kuma kada ka yi da allura a gida, ka kai wa mai gyara ya cire daidai ta kowane gefe don makullin ya zauna a tsakiyar hannu.

Auta Zazzau: Malam ka ɗauki koren. Jan yana da kyau a hoto amma ba kowace riga yake bi ba.

Ɗan Damagaram: In ka tashi sayen na biyun ka neme ni in nuna maka wanda za ka ɗauka, mai milimita 38 da gilashin roba, kada su ruɗe ka da ƙaton.